Yaya sabon shiga zai ɗanɗana wiski kafin ya sayi kwalba guda?

Danjuma_K:
Jama'a barkanmu da war haka. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga ni sanin wiski. Ina so in fahimce shi, amma duk sanda na tsaya gaban kanta sai kwalabe su cika min ido: wannan na Sukotlan, wancan na Amurka, ga na Ayalan, ga na Japan, wasu da shekaru a rubuce a jiki, wasu babu. Kwalba guda ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma in ka ɓalle marfi shi ke nan, ba a mayarwa. Wace hanya mutum zai bi ya ɗanɗana kaɗan-kaɗan har ya gane wanda bakinsa ke so kafin ya zura hannu a aljihu? Kuma da wanne ake farawa?

MaiKanta:
Ɗanjuma, zuba wa mutane shi ne sana'ata, don haka amsata a fili take: ka nemi mashayar da ke da kwalabe da yawa a buɗe, ka riƙa sayen awo ɗaya-ɗaya. Kwalbar da aka saba gani mililita 700 ce. Awon da ake zubawa a Birtaniya 25 ne, wasu wuraren 35, wato da ƙaramin awon kwalba guda tana ba da 28. Ka ga ba sai ka ɗauki nauyin 28 ba don kawai ka san ɗanɗanon ɗaya.

Amma akwai yadda ake zuwa. Kada ka je daren da wuri ya cika, kiɗa na tashi, mai zubawa na ta gumi. Ka je da wuri lokacin da ba kowa, ka zauna a bakin kanta, ka gaya masa gaskiya kai sabon shiga ne. Irin wannan baƙon muka fi so. Ni in mutum ya ce min haka, nakan cire marfi in miƙa masa bakin kwalbar ya sansana tun bai biya komai ba. Ka ce a zuba maka ba ƙanƙara, ba lemo, a ajiye maka ruwa a gefe. Iri uku sun isa a zama ɗaya.

Ladi_T:
Ni ban goyi bayan mashaya ga mai koyo ba. Ƙamshin turaren na kusa da kai, hayaƙin taba, ga idon mutane, duk suna shiga tsakaninka da abin da ke cikin kofi. Kuma in mai zubawa ya tsaya yana kallonka, kunya ma za ta sa ka ce ya yi daɗi. Ka nemi 'yan ƙananan kwalaben nan masu mililita 50, irin waɗanda ake bayarwa a jirgin sama. Ka kai gida, ka raba kowace biyu: rabi yau, rabi bayan kwana biyu. Wannan rabawar ita ce amfaninsu, domin baki ba ya zama ɗaya kullum.

MaiKanta:
Yaya Ladi, na yarda gida ya fi natsuwa. Sai dai ƙananan kwalaben galibi manyan kamfanoni ne ke yin su, abin da yawa ba za ka same shi a wannan girman ba. Sannan in ka lissafa mililita da mililita sun fi babbar tsada, 14 ne suke cika kwalba ɗaya. Wanda zai saya kuma ya duba wuyan kwalbar: in ruwan ya sauka ƙasa da na 'yan'uwanta, marfin ya saki, ta daɗe tana shan iska, a bar ta.

Baba_Istifanus:
Yarana, kun fara gardamar inda za a sha, ba ku gaya wa yaron abin da zai sha ba. Ɗanjuma, wiski dangi-dangi ne. In ka ɗanɗana uku daga gida ɗaya ba ka koyi komai ba. Ka ɗauko guda-guda daga gidajen da suka yi nisa da juna.

Na farko na Ayalan, a ce Jameson. Sau uku ake tace shi, shi ya sa yake da laushi, ba ya yaƙi da maƙogwaro. Na biyu bourbon na Amurka. Dokarsu ta ce aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin ya zama masara, kuma a ajiye shi a sabuwar gangar itacen ok da aka babbake cikinta. Daga masarar da wannan gangar yake samo zaƙi-zaƙin nan da ƙamshin banila. Maker's Mark ya dace da mai farawa saboda alkama suke haɗawa da masarar, ba ya da yaji sosai. Na uku ka shiga Sukotlan, yankin Speyside, ka ɗauki Glenfiddich ko Glenlivet mai shekara 12. Wannan zallan sha'ir ne da aka jiƙa ya tsira, aka tace a tukunyar jan ƙarfe a masana'anta ɗaya, abin da suke rubutawa single malt ke nan. Za ka ji ƙamshin 'ya'yan itace, wani abu kamar tuffa da zuma. Na huɗu, kuma shi ne na ƙarshe ko da yaushe, na tsibirin Islay, kamar Laphroaig mai shekara 10. A can suna haƙo baƙar ƙasar fadama da ciyayi suka ruɓe a ciki shekaru dubbai, su busar da ita, su ƙona, hayaƙin ya ratsa sha'irin. Abin da ke fitowa ƙauri ne da warin magani irin na asibiti. Mutum ko dai ya so shi ƙwarai ko ya ture kofin, da wuya a sami na tsakiya.

In ka ratsa huɗun nan, za ka san ƙofar da za ka shiga. Sauran duk rassa ne.

Abu_Hafsat:
Ɗan'uwa Ɗanjuma, ni ba na sha, addinina ya haramta min, kuma ba zan ɓoye maka ba, da za ka ji tawa da ka bar shi tun ba ka fara ba. Na ga mutanen kirki da suka fara da ɗanɗano abin ya ƙare da gidajensu. Ban zo faɗa da kowa ba, nasiha ce na ga ya wajaba in ajiye.

Baba_Istifanus:
Malam, maganarka tana da nauyi, ba wanda zai raina ta a nan. Ni ma na binne abokai saboda kwalba. Yaron ya ji, shi zai auna.

Anti_Saratu:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ɗora a kan ta Malam da abin da na sani. Tun 1988 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa, rukuni ɗaya da taba. A watan Janairun 2023 kuma Hukumar Lafiyar ta fito ta ce babu wani adadi da za a ce ba shi da illa. Wiski mai tsada da mai araha duk ɗaya ne a wajen hanta.

Ɗanjuma, in ka riga ka yanke, to ka san lissafi. Awon 25 ɗin da MaiKanta ya faɗa, a ƙarfin kashi 40, yana ɗauke da mililita 10 na tsantsar barasa, kuma jiki kan ɗauki kusan awa guda kafin ya narkar da wannan. Shawarar likitocin Birtaniya tun 2016 ita ce kada a wuce irin wannan awon 14 a mako, kuma kada a tara su a dare ɗaya. Ka ci abinci tukuna. Kada ka tuƙa mota ko babur bayan haka, komai ƙanƙantar abin da ka sha. Mai ciki, mai ciwon hanta, mai shan maganin barci ko Flagyl, su kam kada ma su ɗanɗana ko kaɗan. In kuma akwai wanda giya ta kama a danginku, ka yi tunani sau biyu.

Danjuma_K:
Malam Abu_Hafsat na gode, na san don Allah ka faɗa. Anti Saratu na rubuta naki a takarda. Baba, huɗun nan a zama ɗaya ko a rarrabe? MaiKanta ya ce uku sun isa.

Baba_Istifanus:
Biyu-biyu. Na Ayalan da bourbon rana ɗaya, na Sukotlan biyun wata rana. Amma dole su kasance gefe da gefe. In ka sha ɗaya yau, ɗaya mako mai zuwa, ba za ka iya tuna bambancin ba. Kofi biyu a gabanka, ka sansana wannan ka koma wancan, nan take hanci zai gaya maka.

Gambo_77:
Duk kuna wahalar da shi. Ka duba launi da shekaru kawai. Wanda ya fi duhu kuma ya fi daɗewa shi ne mai kyau, mai shekara 18 ba zai taɓa ba ka kunya ba. Gara ka tara kuɗi ka sayi ɗaya na ƙwarai da ka riƙa lasar ƙananan kwalabe.

Yakubu_Kimiyya:
Gambo, a nan kam ka ɓatar da shi. Launi ba shaida ba ne. Dokar wiskin Sukotlan ta 2009 ta yarda a zuba karamel, wato ƙonannen sukari, don daidaita launi, wanda ake yi wa lamba E150a, kuma kamfanoni da yawa suna zubawa don kwalbar bana ta yi kama da ta bara. Ko ba a zuba ba ma, launin daga ganga yake. Wanda ya kwanta a gangar da ta taɓa ɗaukar sheri, wata giyar inabi ta Sifaniya, yakan fito jajir tun yana ƙarami, da ƙamshin zabibi. Wanda ya kwanta a tsohuwar gangar bourbon da aka sha amfani da ita zai iya shekara 20 ya fito fari-fari. A bourbon ne dai doka ta hana ƙara launi.

Shekarun kuma, lambar da ke jikin kwalba tana nufin mafi ƙanƙanta a cikin abin da aka haɗa, ba ta ce maka zai yi maka daɗi ba. Kuma shekara a wata ƙasa ba ɗaya take da ta wata ba. A sanyin Sukotlan kusan kashi 2 cikin 100 ne ke tsiyayewa ta jikin ganga a shekara. A Bangalor ta Indiya inda ake yin Amrut, ko Taiwan inda ake yin Kavalan, zafi kan sa asarar ta ninka haka sau da yawa, wiskin kuma ya nuna da wuri. Shawararka ita ce ainihin abin da Ɗanjuma ke gudu: ya zuba kuɗi a abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba.

Gambo_77:
To amma ai ba a banza ake tsadarsu ba. Ni dai duk mai shekara 18 da na sha ya fi ƙanensa mai 12 laushi.

Ladi_T:
Gambo, ka taɓa sha ba tare da ka ga kwalbar ba? Ina tambaya ne da gaske. Ni ƙanwata ce ke zuba min a kicin, ta manna takarda mai lamba a gindin kowane kofi, ta kawo min falo. Sai na gama rubuta wanda na fi so sannan mu juya kofunan. Abin da ke fitowa yakan bambanta da abin da ido ya zaɓa. Ɗanjuma, ko ka tsaya a mashaya ko a gida, ka gwada wannan. A mashaya ma za ka iya ce wa mai zubawa ya jera maka kada ya gaya maka wanne ne wanne.

MaiKanta:
Wannan kam ina yi wa mutane, kuma Johnnie Walker Black Label yakan ba su mamaki. Ana raina gaurayen wiski, wanda ake rubuta wa blended, alhali shi ne mafi yawan wiskin Sukotlan da ake sayarwa a duniya. Black Label ɗin nan ma shekara 12 ne, yana da ɗan hayaƙi kaɗan. Ga wanda ke tsoron Laphroaig ɗin Baba, nan ne zai fara gane ko hayaƙi na yi masa.

Dan_Otal:
Bari in kawo wani ɓangare. Ni ma ba na sha, amma a otal nake aiki, kuma baƙi na tambayata bambancin wannan da wancan. Da hanci na koya. Kada ku ga kamar wasa ne, masu haɗa wiski a manyan masana'antu ma yawancin aikinsu da hanci suke yi, sukan sirka shi da ruwa har ya sauko kusan kashi 20 su sansana, domin ba mai iya haɗiye samfuri ɗari a wuni.

Yadda nake yi: ba na cusa hanci a kofi, zafin barasar zai toshe shi. Ina riƙe kofin a daidai haɓa, baki a ɗan buɗe, in shaƙa a hankali, sannan in matso da shi. Wani abin kuma, kofin da aka shanye, in ka bar shi ya bushe na ɗan lokaci ka dawo ka sansana, zafin ya tafi, sai ƙamshin gangar kawai ya rage. A nan na fara rarrabe na sheri da na bourbon. Kuma hanci na gajiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai turare ya san bayan kwalba uku ko huɗu duk sai su zama ɗaya. Haka wannan. In ya gaji sai ka sansana bayan hannunka ko hannun rigarka, ka huta.

Yakubu_Kimiyya:
Ɗan Otal ya taɓo batun ruwa, bari in ƙara. A 2017 wasu masana biyu a Jami'ar Linnaeus ta Suwidin sun duba wani sinadari mai suna gwayakol, wanda ke cikin masu ba da ƙamshin hayaƙi. Sun nuna cewa idan ƙarfin barasa ya yi yawa sinadarin yana nutsewa cikin ruwan, idan aka sirka kuwa yana tasowa sama inda hanci zai same shi. Lissafin kwamfuta ne suka yi, ba mutane suka ba su sha ba, amma ya dace da abin da masu sana'ar suka daɗe suna yi. Saboda haka Ɗanjuma, ka fara kurɓa kaɗan yadda yake, sannan ka ɗiga ruwa da ƙaramin cokali, ka juya, ka sake. Awo ɗaya ya zama ɗanɗano biyu ko uku. Ƙanƙara kuwa akasin haka take yi, sanyi na danne ƙamshi.

Kofi ma yana da tasiri. Mai faɗin ciki da tsukakken baki ake so, kamar Glencairn da ya fito a 2001. In babu, ƙaramin kofin ruwan inabi ya fi tambulan mai buɗaɗɗen baki. In ka ɗiga ruwa ka ga ya yi hazo-hazo kada ka tsorata, yawanci waɗanda ba a tace da sanyi ba ne, masu kashi 46 zuwa sama.

Kande_Waje:
Akwai hanyoyin da ba a ambata ba. Wasu shagunan intanet suna buɗe manyan kwalabe su zuzzuba a 'yan kwalabe masu mililita 30, su rufe da kakin zuma su sayar. Master of Malt na Birtaniya sun yi suna a wannan, har da wiskin da ba a yin ƙananan kwalabensa. Wannan ya amsa ƙorafin MaiKanta, sai dai ba kowace ƙasa doka ta bari a aiko da barasa ba, ka bincika taku.

Sai bukukuwan wiski, inda tikiti ɗaya zai ba ka kofi ka zaga tebur-tebur. Na Speyside ana yin sa wajen farkon watan Mayu, na Islay a ƙarshensa. A Amurka akwai hanyar ziyarar masana'antun Kentucky da aka kafa tun 1999. Na je wata masana'anta a Sukotlan, abin da ya burge ni shi ne da muka zo wajen ɗanɗano sai mai zagayawa da mu ta tambaya wa ke tuƙi. Mutum biyu suka ɗaga hannu, ta miƙa musu 'yan kwalabe da ɗan mazurari, suka juye nasu suka sa a aljihu sai sun isa masauki. Tun Disambar 2014 aka rage iyakar barasa a jinin direba a can daga miligiram 80 zuwa 50, ba sa wasa da shi. A irin waɗannan tarukan kuma akwai bokitin furzarwa a kowane tebur, ka yi amfani da shi, ba abin kunya ba ne.

Baba_Istifanus:
'Yata Kande, taron yana da kyau amma yana da tarko. Kana cikin nishaɗi, mai tallar na ba ka labari mai daɗi, ka riga ka ɗanɗana shida, komai zai yi maka zaƙi. Kada mutum ya sayi kwalba a ranar da ya fara ɗanɗana ta. Ya rubuta sunan, ya nemi awo ɗaya wata rana da bakinsa ke sabo. In har ya sake yi masa, to.

Iliya_B:
Mu abin da muke yi shi ne karo-karo. Mu bakwai ne, kowa ya sayi kwalba daban, mu haɗu mu raba. Mililita 700 a raba bakwai, kowa ya tashi da 100 na kowane iri. Ka biya kuɗin ɗaya ka koma gida da bakwai, kuma 100 ya isa ka sha sau huɗu ka san shi sosai. Kwalaben gilashi muke amfani da su, a wanke a bar su su bushe ƙarau, a rubuta suna da ƙarfi da ranar da aka zuba. A cika su har wuya don kada iska ta yi yawa a ciki.

Anti_Saratu:
Iliya, naku da kuka san juna kuma aka ɓalle marfin a gabanku, babu laifi. Amma ina roƙon Ɗanjuma da duk mai karantawa, kada ku sayi abin da wani baƙo ya juye a kwalbar da ba hatimi, komai arharsa. Jabun barasa wani lokaci akan haɗa shi da metanol, wani sinadari mai guba, kuma baki ba ya rarrabe shi da na gaske. Mililita 10 kacal na iya makantar da mutum, 30 na iya kashewa. Mugun abin shi ne alamun kan jinkirta, sai bayan awa 12 zuwa 24 mutum ya fara ganin dishi-dishi, ciki na murɗa, numfashi na sama-sama. A Nuwambar 2024 'yan yawon buɗe ido shida suka mutu a garin Vang Vieng na ƙasar Laos ta wannan hanyar. Wanda ya ga haka bayan ya sha, asibiti kai tsaye, kada ya ce bari ya kwanta ya wartsake.

Talatu_M:
Maganar Anti ta sa zan faɗi abin da ya same ni, kuma shi ya sa nake ɗari-ɗari da shawarar mashaya. Na taɓa neman awo ɗaya na wani wiski da na san ɗanɗanonsa sarai. Da aka kawo, launin daidai, amma ƙamshin ba shi ba ne, wani kaifi-kaifi kamar na mai araha. Na ce a nuna min kwalbar, sai na ga takardar jikinta ta tsufa ta yi laushi, gefen ya naɗe, amma ruwan cike har wuya. Kwalbar da aka daɗe ana ɗauka ana ajiyewa ba ta zama cike. Na bar musu kofin na tafi. Ni na gane saboda na san na gasken. Sabon shiga fa? Zai tafi yana cewa wiskin ne ba daɗi.

MaiKanta:
Talatu, wannan cin amana ne, kuma irinsu ne ke ɓata mana suna. Shi ya sa na ce a zauna a bakin kanta, a zuba a gaban idonka. Akwai kuma wanda ba ha'inci ba ne amma yana ɓata ɗanɗano: kwalbar da saura ɗan kaɗan a gindi ta yi watanni a haka, ƙarƙashin fitila. Ƙamshinta ya gudu. Ka tambaya yaushe aka buɗe, mai gaskiya zai gaya maka. Ka sansana kofin ma kafin a zuba, wani lokacin sabulu ne ko tsumman gogewa ke lalata komai.

Gambo_77:
Ni dai na Islay ɗin nan ku cire wa yaro shi. Duk wiskin tsibirin nan hayaƙi ne zalla, zai kore shi.

Kande_Waje:
Ba duka ba, Gambo. Bunnahabhain mai shekara 12 a Islay ake yin sa, hayaƙinsa kaɗan ne ƙwarai. Bruichladdich ma suna da Classic Laddie da ba a sa wa hayaƙi ko kaɗan, kuma su ɗin dai ne ke yin Octomore da ake lissafawa cikin mafiya hayaƙi a duniya. Sunan yanki jagora ne kawai. Kuma na san mutanen da duk masu laushin ba su burge su ba, sai da suka ci karo da Lagavulin na Islay mai tsananin hayaƙi sannan suka ce ga abin da suke nema. In aka ɓoye masa shi, ta yaya zai san ko yana cikinsu?

Danjuma_K:
Na gode ƙwarai, kun ba ni fiye da abin da na tambaya. Abin da na tsara: zan bi huɗun Baba biyu-biyu, in sa a zuba min ba tare da na gani ba kamar yadda Yaya Ladi ta ce, da ruwa a gefe. Inda na tsaya shi ne rubutun. Me zan rubuta? Ni ban iya irin maganar nan ta tuffa da zabibi ba. Sannan na Japan ba wanda ya taɓo shi.

Ladi_T:
Ba sai ka iya ba. Ka rubuta abu uku da bakinka: me hanci ya ji, ya yi zaƙi ko ɗaci ko zafi a harshe, kuma bayan ka haɗiye ya daɗe ko ya ɓace nan da nan. A ƙasa ka sa "zan ƙara" ko "ba zan ƙara ba". In warin ya tuna maka da sabon katako ko aidin, haka za ka rubuta. Kada ka karanta abin da kamfani ya rubuta a bayan kwali sai ka gama naka, in ba haka ba abin da suka ce shi za ka ji.

Yakubu_Kimiyya:
Na Japan daga Sukotlan ya samo asali. Masataka Taketsuru ya je can a 1918 ya koyo, ya dawo ya yi aiki a masana'antar Yamazaki da aka kafa a 1923, daga baya ya buɗe tasa a Yoichi a 1934. Don haka in na Speyside ya yi maka, nan ne mataki na gaba. Sai dai ka lura, sai a 2021 ƙungiyar masu sana'ar ta Japan ta fitar da ƙa'idar abin da za a kira wiskin Japan. Kafin nan wasu kan shigo da na waje su zuba a kwalba mai rubutun Japananci. Shi kam lallai a ɗanɗana kafin a saya.

Iliya_B:
In ka kai ga saye kuma, akwai rabin kwalba mai 350 da mai 200, ba dole sai babbar ba. Ka ajiye ta a tsaye, nesa da rana. Ba ya ƙara tsufa a kwalba, mai 12 zai zauna mai 12 ko bayan shekara 30.

MaiKanta:
Har yanzu ina kan bakata, zaman farko ya yi shi gaban wanda ya san abin, ko da sau ɗaya ne, don a nuna masa yawan ruwan da zai ɗiga. Yawancin masu koyo a gida ambaliya suke yi masa.

Ladi_T:
Ƙaramin cokali ya ishe shi wannan, MaiKanta. Rabin cokali a awo ɗaya, ya ɗanɗana, in bai isa ba ya ƙara. Ɗanjuma, wanne daga cikin huɗun ka samu a ƙaramar kwalba? In Laphroaig ɗin ya gagara, Ardbeg mai shekara 10 zai tsaya a madadinsa, sai dai shi kashi 46 ne, ka ƙara masa ruwa fiye da sauran.